Kafin Ka Sa Hannu a Kundin Nan: Jagora ga Malamin Jami'a kan Satar Fasaha

Shekarun baya wani ɗalibina na ajin ƙarshe ya kawo mini furojet ɗinsa, wato kundin binciken kammala digiri, a kan 'yan tumatir na kasuwar Muda Lawal a nan Bauchi. Saura kwana tara a shiga difens, wato zaman kare kundi a gaban malamai. Na zauna da kundin bayan La'asar, babu wuta, fanka a tsaye, ina juya shafi ina mamakin yadda Turancin yaron ya gyaru. A shafi na 41 sai ga jimla tana cewa yawancin waɗanda aka tambaya suna da rumfa a Bodija. Bodija kuwa kasuwa ce a Ibadan. Ya bi kundin kaf yana sauya sunan gari da na kasuwa, wuri ɗaya ya kuɓuce masa.

Da na kira shi, kansa a ƙasa ya ce, "Malam, wallahi a kafe aka haɗa mini." Na yi masa faɗa, amma da dare abin da ya hana ni barci daban ne. Sa hannuna yana kan babi na ɗaya zuwa na uku. Na duba su a tsaye, tsakanin lacca da taron sashe, na gyara waƙafi da aya na ce ya ci gaba. Da eksitanal, wato mai tantancewa daga wata jami'a, ne ya fara ganin Bodija, da sunana za a kira tare da nasa, kuma da gaskiyarsu.

Shi ya sa wannan jagora ta fara daga teburin malami kafin ta isa kan ɗalibi. Ko kana koyarwa a harabar jami'a ta Yelwa ko Gubi, ko Gadau, ko Tudun Wada a Gombe, ko Kashere, ɗalibanka hannunka suke kallo.

Fara da sanin kamanninta

In an ce satar fasaha, abin da ke zo wa yawancinmu a rai shi ne a kwafe shafi sukutum a manna. Wannan ita ce mafi sauƙin kamawa. Waɗanda suka fi yawa a tsakanin malamai sun fi ta iya laɓewa.

Akwai musanya kalmomi. Ka ɗauki jimlar wani, ka zare kalma ka sa 'yar'uwarta, amma ginin jimlar yana nan yadda mai ita ya ɗora shi. Akwai kwasar manazarta, wato ka karanta maƙala guda, ka tattara sunayen marubuta goma sha biyar da ta ambata ka jera a taka kamar ka buɗe littattafansu. Idan mai maƙalar ya yi kuskure a shekara ko lambar shafi, kuskuren zai biyo ka, kuma da shi ake gane ka.

Akwai wadda ta fi shafarmu mu da muke aiki tsakanin Hausa da Larabci da Turanci, ita ce sata ta hanyar fassara. Mutum ya ɗauko babi daga littafin Larabci ya juya shi zuwa Turanci, ko ya ɗauko maƙalar Turanci ya mai da ita Hausa, ya ɗora sunansa. Fassara aiki ce mai daraja da wahala, amma sunanta fassara. Ka faɗi mai littafin, ka faɗi shafin, ka rubuta cewa fassarar taka ce.

Sai maimaita kai. Maƙalar da ka buga a mujallar tsangaya, ka sauya mata take, ka gyara tsakure, ka aika wata mujallar, sannan ka lissafa su biyu a takardun ƙarin girma. Na sha jin ana cewa, "To ai nawa ne, wa na sata?" Ka yaudari editan da ya ɗauka sabon aiki ne, ka yaudari kwamitin da ya ba ka maki biyu a kan aiki ɗaya, ka kuma sha gaban abokin aikinka da ya yi biyu na gaske. Ciro maƙala daga kundin digirinka na uku ba laifi ba ne, kowa na yi, sai dai ka faɗa a rubuce cewa daga can ta fito.

Kada ka haɗa wannan da haƙƙin mallaka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, tana kare dukiyar marubuci zuwa wani wa'adi. Amanar ilimi kuwa ba ta da wa'adi. Nana Asma'u ta rasu fiye da shekara 150, babu kotun da za ta ci ka tara a kan baitinta, amma ranar da ka sa shi a rubutunka kamar kai ka tsara shi, ka yi sata.

Wasu na ɗaukar duk wannan a matsayin ƙa'idar Turawa da aka ɗora mana. Wanda ya zauna a zauren karatu ya san ba haka ba ne. Malami zai ce maka, "Na ji wannan daga Malam wane, shi kuma daga wane." An ruwaito daga Abdullahi ɗan Mubarak cewa isnadi yana cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Imam Suyuɗi, wanda muke sauraron tafsirin da ya kammala duk watan azumi, ya rubuta ɗan littafi sukutum a kan bambancin marubuci da ɓarawo, saboda an kwashe masa aiki. Ya rasu a 1505. Abin da APA, tsarin ambaton madogara a rubutun ilimi, ke nema a gare ka isnadi ne da aka ƙara wa shekara da lambar shafi.

Gyara yadda kake ɗaukar bayani

A nan ne mafi yawan satar da ba a yi niyya ba take haihuwa. Ka samu intanet mai ƙarfi yau, ka zazzage maƙala ashirin, kana karantawa kana kwafe sakin layi masu daɗi zuwa fayil ɗaya da niyyar gyarawa daga baya. Sai jarrabawa ta zo, sai makin takardu ɗari huɗu, sai hutun Sallah. Bayan wata biyar ka buɗe fayil ɗin, ba ka iya bambance jimlarka da ta wani.

Maganin mai sauƙi ne, sai dai yana son horo. Duk abin da ka kwafa kalma da kalma, sa shi cikin alamar zance nan take, ka mai da shi ja, ka rubuta marubuci da shekara da shafi a gabansa kafin ka matsa. Abin da ka taƙaita da bakinka, bar shi baƙi, amma shi ma da madogararsa. Tunanin da ya faɗo maka yayin karatu, mai da shi shuɗi. In littafin rubutu kake amfani da shi, biro uku sun isa. Ranar rubutu, jan nan ba zai shiga maƙala ba sai da alamar zancensa.

Ka sauke Zotero, kyauta ce, ko Mendeley. Suna ajiye bayanan kowace maƙala, su jera maka manazarta a tsarin da mujalla ke so. Amma ka duba abin da suka jera, domin abin da aka zuba musu shi suke fitarwa. Jami'o'i da yawa suna bin APA, wanda bugunsa na 7 ya fito a 2019, sai ka tabbatar da wanda tsangayarka ta yarda da shi.

Hirar baka ma madogara ce. Dattijon da ka zauna da shi a ƙofar gidansa a Katagum ko Dukku ya ba ka tarihin garinsu, rubuta ranar da wurin, ka ambace shi in ya amince. Ilimin da ya tara shekara saba'in bai zama naka ba don kawai bai rubuta shi ba.

Koyi faɗin maganar wani da bakinka

A ɗauka wani marubuci ya ce: "Madatsar ruwa ta Dadin Kowa ta sauya tsarin noma a kwarin Gongola, domin manoman da a da suke jiran damina sun rungumi noman rani."

Wani zai rubuta: "Dam ɗin Dadin Kowa ya canza yanayin noma a kwarin Gongola, saboda manoman da a baya suke dakon damina sun karɓi noman rani." Wannan jimlar mai ita ce aka sauya wa riga. Ko an sa sunansa a ƙarshe, aikin bai tsarkaka ba.

Ga yadda ake yi. Karanta sakin layin har ka gane shi. Rufe littafin. Ka yi kamar kana bayyana wa abokinka a majalisa, ka rubuta abin da ya fito. Sannan buɗe littafin ka gwada. Kana iya samun wani abu kamar haka: "A ganin Wane, a shafi na 14 na littafinsa, samun ruwa duk shekara daga Dadin Kowa shi ya raba manoman yankin da dogaro da damina kaɗai. Sai dai bai taɓa batun waɗanda gonakinsu ke nesa da magudanan ruwan ba." Ka lura da jimla ta biyu. Ita ce taka, ita ce dalilin da ya sa ka kawo maganarsa. Babi na biyu da ba shi da irin wannan jimla, "wane ya ce, wane ya ce" har shafi talatin, ko babu sata a cikinsa babu nazari.

In kalmomin marubucin ne da kansu kake buƙata, kamar ma'anar da ya ba wata kalma, kawo su yadda suke cikin alamar zance, da lambar shafi.

Sunan wa zai hau kan maƙala

Wannan wurin yana da nauyin faɗa, domin ya shafi zumunci da girmamawa. Mun san "sa ni in sa ka": mutum huɗu kowa ya rubuta ɗaya, kowa ya tashi da huɗu. Mun san ƙaramin malami da ke sa sunan babba don kunya ko don tsoron ranar da takardunsa za su bi ta teburinsa. Mafi muni shi ne malami ya ɗauki kundin ɗalibarsa bayan ta gama ta tafi bautar ƙasa, ya matse shi zuwa shafi goma sha biyu, ya buga da sunansa shi kaɗai.

Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ya shimfiɗa sharuɗɗa huɗu na hawan suna kan maƙala, kuma fannoni da yawa sun ara. Mutum ya ba da gudummawa ta gaske wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu. Ya rubuta ko ya yi gyara mai zurfi. Ya amince da abin da za a buga. Ya yarda zai amsa tambaya a kan aikin in matsala ta taso. Sai huɗun sun haɗu. Wanda ya ba ka mota zuwa ƙauye, ko ya biya kuɗin bugawa, ko ya gyara Turanci, wurinsa sashen godiya.

Ka yi wannan magana tun kafin a fara aiki, lokacin da babu wanda ransa zai ɓaci. In aikin ɗalibi ne, sunansa a gaba, naka a baya, kuma ka kira shi ka nemi yardarsa. In wani babba ya nuna yana so a sa shi, akwai hanyar ladabi: "Ranka ya daɗe, zan so ƙwarai mu yi tare. Ga sashen nazarin bayanan, in za ka duba mana shi ka ƙara abin da ya rage." In ya yi, ya cancanta. In bai yi ba, yawanci shi da kansa zai bar maganar.

Kuma in an ce za a sa ka a aikin da ba ka karanta ba, ka tuna sharaɗi na huɗu. Ranar da aka gano sata a ciki, wasiƙar edita kowane suna za ta bi.

Duba aikin ɗalibi yadda ba zai buƙaci kafe ba

Akwai shafuka a intanet da ke sayar da furojet babi ɗaya zuwa biyar, kuma ɗalibanka sun fi ka sanin su. Ba za ka rufe su ba. Abin da za ka iya shi ne ka sa kayansu su zama marasa amfani a wurinka.

Fara daga take. "Tasirin kaza a kan kaza a Najeriya" an rubuta shi sau ɗari. Ka matse shi zuwa wurin da ɗalibin zai taka da ƙafarsa: unguwa ɗaya, makaranta uku, kasuwa guda, shekarun da aka ƙayyade. Kada ka karɓi babi biyar a dunƙule. Babi ɗaya, ku zauna, sannan na gaba. In ya kawo babi na biyu, ce ya zo da maƙala biyar daga cikin waɗanda ya ambata, ka buɗe ɗaya ka ce ya nuna maka inda aka faɗi abin. In ya kawo babi na huɗu, ce ya zo da takardun tambayoyin da aka cike. Ka juya su a hannunka. Takardu ɗari da biro ɗaya ya cike, da rubutun hannu iri ɗaya, babu lanƙwasa babu ƙura, ba su je kasuwa ba.

Sannan tambayar baka, minti biyar kacal. Ɗora yatsa a kan sakin layi ka ce, "Faɗa mini wannan da Hausa." Wanda ya rubuta zai faɗa, ko da in'ina. Wanda aka haɗa wa zai karanta maka jimlar ne ya sake karantawa.

Na san uzurin, domin nawa ne: ɗalibai ashirin ko fiye a hannun mutum ɗaya, ga darussa, ga albashin da ba ya kai wata. Abin da ya taimake ni shi ne tara su rana ɗaya a farkon zango, in ba su sakin layi guda kowa ya faɗe shi da bakinsa a rubuce, mu gyara tare a allo. Awa biyu ce. Da yawansu ba a taɓa nuna musu ba. Tun firamare ana yaba musu in sun haddace sun mayar yadda aka ba su, sai a shekarar ƙarshe a ce musu wannan laifi ne.

Karanta rahoton na'ura da idonka

Manhajojin Turnitin da EagleScan, ta biyun ita ce wadda Kwamitin Shugabannin Jami'o'in Najeriya ya samar, suna gwada rubutu da abin da ke rumbunsu su nuna inda aka yi kama. Adadin da suke bayarwa na kamanni ne, hukunci yana wurinka. Kundi na iya nuna kashi 30 alhali mai tsabta ne, domin ayoyi da sassan doka da jerin manazarta ne suka cika shi. Wani ya nuna kashi 8, amma takwas ɗin nan shafi shida ne a jere daga maƙala ɗaya.

Don haka buɗe rahoton. Cire manazarta da abin da ke cikin alamar zance daga lissafi. Dubi madogara uku na sama, ka ga nawa kowace ta ɗauka. Kamanni da ya warwatsu, kashi ɗaya nan ɗaya can, yawanci kalmomin fanni ne. Wanda ya taru wuri guda shi ne abin bi. In daftari kake gwadawa, zaɓi kada a ajiye shi a rumbu, in ba haka ba kundin ƙarshe zai yi kama da kansa.

Ka san kuma inda na'urar ba ta gani. Tsofaffin kundayen da ke jibge a ɗakin karatu na sashe, waɗanda ba a taɓa ɗorawa a kwamfuta ba, ba ta san su ba. Rubutun Hausa da abin da aka fassaro daga Larabci sukan wuce ta. Iyakar da jami'arka ta yanke tana cikin littafin ƙa'idojin karatun gaba da digirin farko, ka bi ta, amma kada ka koya wa ɗalibi cewa burinsa shi ne "sauke adadi". Daga nan ne ake komawa manhajojin juya kalmomi, a fito da Turancin da ba shi da kai ba shi da gindi.

ChatGPT da mujallun kuɗi-hannu

Tun da ChatGPT ta fito a Nuwamba 2022 aka samu sabuwar ƙofa. Irin waɗannan manhajoji suna ƙirƙiro manazarta da babu su, da sunan marubuci da mujalla da shekara, duk a tsare. Kowace madogara ka neme ta a Google Scholar ko ta DOI, lambar shaidar maƙala a intanet, kafin ka yarda. COPE, ƙungiyar da ke kula da ɗa'ar wallafa tun 1997, ta bayyana a 2023 cewa manhaja ba ta zama marubuciya, domin ba ta ɗaukar alhaki. In ka yi amfani da ita, faɗi a ina kuma don me. Manhajojin da ke cewa suna gane rubutun na'ura kuwa suna kuskure, kada ka kayar da ɗalibi da shaidarsu kaɗai.

Mujallar da ta aiko maka saƙo tana yabonka, ta karɓi maƙalarka cikin kwana uku ba gyara ko ɗaya, ta turo lambar asusu, ba ta karanta ba. Duba sunanta a rumbunan da ke jera mujallun ilimi, irin su DOAJ ko Scopus ko AJOL, ka tambayi ma'aikacin ɗakin karatu.

In an kama, ko ka kama kanka

Annette Schavan ministar ilimi ce a Jamus lokacin da Jami'ar Düsseldorf ta ƙwace digirinta na uku a 2013, ta kuma sauka daga muƙaminta. Kundin na 1980 ne. Fiye da shekara 30 yana kan kanta, sai da aka zo aka gwada shi shafi da shafi. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Kundayenmu ma ana ta ɗora su a intanet yanzu, kuma in ka nemi kujerar farfesa, takardunka hannun masu tantancewa na waje za su je, mutanen da suka san littattafan fanninka ciki da bai.

Saboda haka ka ɗauki wani ƙarshen mako ka bi tsofaffin maƙalunka da kanka. In ka ga inda ka zame, rubuta wa editan, ka nuna shafin da asalin inda maganar ta fito, ka nemi a buga gyara ko a janye. In ka buga abu ɗaya sau biyu, cire ɗaya daga jerin ayyukanka kafin ka miƙa takardun ƙarin girma.

In aikinka aka sata, ko ka ga sata a aikin abokin aiki, kada ka kai maganar zauren WhatsApp na sashe. Ajiye rubutun biyu gefe da gefe, ja layi a wuraren da suka yi kama, rubuta ranar da aka buga kowanne. In ƙaramin abu ne da ya yi kama da sakaci, same shi ku biyu. In babba ne, rubuta wa shugaban sashe ko editan mujallar, ka tsaya kan abin da takarda ta nuna, ka bar batun niyyarsa ga kwamiti.

Ga ɗalibi kuwa, bambanta wanda bai iya ba da wanda ya sayo. Na farko koyarwa yake buƙata. Na biyu sai an bi ƙa'idar jami'a, a rubuce, a kuma ba shi damar kare kansa. Yaron Bodija na kai maganarsa gaban shugaban sashe, aka cire shi daga difens ɗin wannan zangon, aka ce ya sake daga babi na ɗaya. Mahaifinsa ya aiko a ba ni haƙuri, na ce a gaya wa Baba haƙurin da zan iya shi ne in zauna da ɗansa duk ranar Talata har ya gama. Bayan wata huɗu ya shigo ofis da takardun tambayoyi sittin da uku a cikin leda, wasu da tabon ruwan tumatir, ya ce bakwai daga cikin 'yan kasuwar sun ƙi amsawa sai da ya bi ta wurin shugabansu. Na ce ya rubuta wannan ma a babi na uku.